Ranar Da Tela Ya Ɗauke Labulensa

Akwai wani tela da ke da shago a bakin ƙofar wata babbar kasuwa. Yana da hannu a ɗinki, sai dai Allah Ya jarabce shi da son a san da shi. Duk inda manya suka zauna, sai ka ga kujerarsa tana matsowa.

Kasuwar tana da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da kundin tsarin mulki da suke tinƙaho da shi. Ba a korar kowa, ba a ƙwace shagon kowa, sai an kaɗa ƙuri'a. Kowa za a ba shi maɓalli biyu, fari na amincewa, baƙi na ƙin yarda. Sai ya shiga bayan wani labule kore mai ratsin ja, ya jefa ɗaya a gwangwani, ɗayan ya bar shi a aljihu. Labulen na telan ne, shi ya ara wa ƙungiya tun yana saurayi.

Ana nan sai ciniki ya ja baya. A zaɓen shekarar wani mai sayar da taya ya zama ciyaman, kuma tsakani da Allah ya ci, babu maguɗi. Kullum maganarsa ɗaya: kasuwa ta 'yan asalin ƙasa ce, baƙi ne suka cinye ta.

Baƙin da yake nufi su ne irin su Baba mai gyaran agogo, wanda a bayan kasuwar aka haife shi. Mahaifinsa ne kawai ya shigo daga ƙetare.

Ciyaman ya kawo ƙudurin a kori duk wanda ba a haifi ubansa a ƙasar ba. Aka yi ta tafi kamar rufin zai faɗo. Da aka juye gwangwani kuwa, sai ga baƙaƙen maɓallai tuli. Ashe masu tafin nan, da sun shiga bayan labule kunya take kama su.

Washegari Ciyaman ya zo shagon tela da kansa.

"Maigida," in ji shi, "na karanta kundin nan kaf. Ya ce maɓalli, ya ce gwangwani, ban ga inda ya ce labule ba. Naka ne, ɗauke abinka. Me 'yan uwa za su ɓoye wa juna? Ga kuma matasan da na ɗauka tsaro, suna bukatar alama a damtse. Ka yanka musu labulen. Daga yau kujerarka tana kusa da tawa."

Kan tela ya kumbura. Da ya koma gida yana ba da labari, matarsa ta ajiye wankin da take yi.

"Baban yara, ka manta daga inda mahaifina ya fito?"

"Ke dai ba ki san siyasa ba," ya ce yana dariya. "Wa zai taɓa wanda yake zaune kusa da Ciyaman?"

Aka sake ƙuri'a babu labule, gwangwani a tsakiyar fili, matasa sun kewaye shi suna kallon hannun kowa. Farare ne suka cika shi.

Baba ya kwashe agogunansa a kwali. Da zai wuce ya tsaya a ƙofar tela ya ce, "Agogon bangonka yana gudu, ɗana. Na so in gyara maka kafin in tafi." Tela ya sunkuyar da kai a kan keken ɗinki, ya yi kamar zare ne ya sarƙe.

Daga nan abin ya zama ruwan dare. Aka kori waɗanda uwayensu baƙi ne. Aka kori masu gunaguni, wai suna yi wa ƙasa zagon ƙasa. Lokacin zaɓe ya zo, aka ɗage shi sai yadda hali ya yi. Abin takaicin, ko sau ɗaya ba a karya kundin ba, komai da ƙuri'a aka yi shi.

Sai ƙanin Ciyaman ya ƙyalla ido ya ga shagon bakin ƙofa. Ba a jima ba aka kawo sabon ƙuduri: duk mai auren 'yar baƙi ya bar kasuwa. Mutum ɗaya tak abin ya shafa.

Tela ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ni fa naka ne."

"Ba ni na kore ka ba," in ji Ciyaman. "Jama'a ce za ta yanke."

Mutane suka shiga layi, babu mai iya haɗa ido da shi. Da aka zo kan amininsa mai walda, wanda tare suka taso, sai ya raɗa masa, "Wallahi da akwai labule, baƙi zan jefa. Ka yafe mini, ina da 'ya'ya." Ya jefa fari.

Wani matashi ya zo ya sa wa shagon kwaɗo. Tela ya tsaya da kan kekensa a hannu, yana kallon damtsen saurayin: ƙyalle kore mai ratsin ja. Ya gane ɗinkinsa. Sau biyu ya bi shi da zare, don kada ya yage.

Darasi: Zalunci ba dole sai ya zo da bindiga ba, yana iya shigowa ta akwatin zaɓe, da kundin doka a hannunsa. Abin da ke kare maƙwabcinka shi ne yake kare ka, kada ka taya kowa cire shi don an ce maka kai ne ɗan asali. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, musamman masu saurin tafi.