Kura da Dokar Hana Dariya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta.

Zomo ne ya dawo kwalejin dawa daga birni, bakinsa cike da labari. Duk inda ya zauna sai ɗalibai su kewaye shi suna ƙyaƙyatawa. Kura kuwa, da a da ita ake kewayewa, abin ya tsaya mata a wuya.

Ta je wurin Zaki, shugaban kwalejin, ta ce, "Ranka ya daɗe, dariya ta hana mu karatu."

Zaki ya ce, "Daga yau duk wanda ya dara a harabar nan, kora ce."

Rannan sai Kura ta ga Zomo a ƙofar ofishin Zaki, rungume da akwati, kunnuwa a langaɓe.

"Ƙanena, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Yaya? Korata aka yi."

Daɗi ya kashe Kura, ta fashe da dariya har da birgima. Zaki ya leƙo ta taga.

Zomo ya ce, "Af, akwatinki ne, Yaya. Na haɗa miki kayanki."

Har yau a bayan katanga take dariyarta, ita kaɗai.

Ƙurunƙus kan kusu, wanda ya dara ya bi Kura!