Motar da Malam Haladu Ya Gada

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Malam Haladu. Bawan Allah ne, tela, ba shi da komai sai keken ɗinkinsa da wata tsohuwar mota da ya gada. Mahaifinsa ya yi wa wani Bature ɗan kwangila direba, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Doguwa ce ƙirar Amurka, ja, irin wadda ake naɗe rumfarta baya a bar sama a buɗe. Ta daɗe a jingine a gindin darbejiya, tamfol ɗin rumfar ya yayyage, kaji na ƙwai a kujerar baya.

To, ku saurara. Sai yanar ido ta kama matarsa Asabe, likita ya ce sai an yi aiki. Malam Haladu ya duba gabas, ya duba yamma, babu abin sayarwa sai motar nan. Ya kira wani dillali mai suna Nomau.

Nomau ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Malam, tsatsa ta cinye ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba, man birki kuma yana yoyo. Amma ka bar min. Kai dai ka yi shiru."

Nomau ya sa aka cike ramukan da tsatsa ta ci, aka shafe su da baƙin fenti, aka wanke ta, aka tayar da inji. Mota ta fito tana ƙyalli.

Sai ga mai saye, wani Alhaji Sidi mai sayar da atamfa. Ya zagaya ta yana shafawa, yana murmushi kamar ƙaramin yaro. Nomau ya ce, "Alhaji, rumfa da kujeru kawai za ka gyara. Ƙasanta lafiya lau."

Alhaji Sidi ya ce, "Madalla. Da Sallah zan ɗebi yara mu je gaida kakarsu, ta hanyar kan dutse." Ya juyo ya ce, "Ƙasanta lafiya lau, ko ba haka ba, Malam?"

Jama'a, Malam Haladu bai yi ƙarya ba. Ku lura da kyau, bai yi ƙarya ba. Sunkuyar da kai ya yi, ya yi shiru. Aka taya, aka sallama, aka ce gobe a zo a ɗauka.

Ya koma shago ya kasa zura zare a allura. Aka kira La'asar, ya shiga sahu, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai kunya ta rufe shi. Ya ce a ransa, da wace fuska? Ya isa gida, Asabe ta lalubo kwano ta ajiye masa tana cewa, "Malam, Allah ya saka da alheri, ka rabu da abin mahaifinka saboda ni." Wannan godiya ta fi masa zagi ciwo. Ya faɗa mata komai. Ta ce, "In idon nan zai buɗe ne don in ga gawar 'ya'yan wani, a bar shi a rufe."

Washegari Alhaji Sidi ya zo da direbansa, maƙwabta sun taru kallo. Malam Haladu ya fito ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Jiya ka tambaye ni na yi shiru, shirun nan ha'inci ne." Ya durƙusa da farar rigarsa, ya sa ƙusa ya kankare fentin, tsatsa ta zubo kamar gari. Ya nuna masa inda man birki ke ɗiga.

Nomau ya ce, "Malam, ka ci mutuncina a gaban mutane."

Ya ce, "Nawa na fara ci, Nomau. Ni na ba ka dama."

Kada ku zaci Alhaji ya rungume shi ya ninka masa kuɗi. A'a. Ransa ya ɓaci, ya fasa ciniki, ya tafi ko sallama babu. Aka yi ta maganar a kasuwa. Malam Haladu ya daɗe yana bin lungu don kada ya haɗu da mutane. Daga baya wani makaniki ya saye ta da araha, ya san aibinta sarai, ya tura ta garejinsa yana gyara a hankali. Aikin ido ɗaya kawai kuɗin suka isa, shi aka yi wa Asabe. Yaran Alhaji kuwa suka je wa kakarsu a motar haya, suka dawo lafiya.

To 'yan'uwa, abin da nake so ku riƙe shi ne, ɓoye aibin kaya ha'inci ne, ko da baki ko da shiru. Kai mai sayar da babur da ka zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ɓoye, ke mai awo da kika jera manyan tumatir a sama, kai mai gidan haya da ka san bango ya tsage ka shafe shi da farar ƙasa, da ku nake. Wanda ka ruɗa yana da iyali kamar yadda kake da su. In ka yi kuskure kunya ta kama ka, kada ka kore ta, ka tashi ka je ka gyara tun mai kaya bai yi nisa ba. Allah ya ba mu kunyarsa, ya tsarkake mana abin da muke kai wa bakin 'ya'yanmu.