Tsagar da ke Cikin Murfi

An yi wani mutum a Funtua, ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa suna nan da ransu. Sana'arsa sayar da basilin, man nan da ake shafawa in fata ta bushe. Manomi in cirar auduga ta tsattsage masa hannu, shi yake nema. Tsohuwa in faso ya hana ta taka ƙasa, shi ne. Jariri ma da an fito da shi daga wanka, da shi ake mulke shi.

Da farko mai kyau yake sarowa. Sai Shaiɗan ya nuna masa gajeriyar hanya. Ya riƙa sayen tsofaffin robobin basilin wajen 'yan gwangwan yana wanke su tas. A bayan shago ya narka kyandir, ya zuba mataccen man inji da aka tace da ruwan batir har ya yi haske, ya ɗiga turare. Ka buɗe, sai ƙamshi. Wa zai gane?

Shi kansa ba ya ganewa. Saboda haka duk robar da ya cika, sai ya sa ƙusa ya yi 'yar tsaga a cikin murfinta. Ya ce wa matarsa, Hajiya Hansai, "Mai tsaga na ƙauye ne. Kar in gan shi a gidana." Ba ta tambayi dalili ba, amma ita ba yarinya ba ce.

Ya 'yan uwa, kun ji? Ya san guba ce. Zaɓa kawai ya yi, 'ya'yan wa za ta ci.

'Yarsa Shafa'atu tana aure a Malumfashi, gidan wani manomi, Mus'ab. Allah ya sauke ta lafiya, namiji, jikansa na fari. Kun san mata ba sa zuwa barka hannu rabbana. Wannan ta kawo sabulu, waccan basilin, a zube su cikin baho ɗaya. Wa ke leƙa murfin kayan barka? Uwar miji ta ɗauki ɗaya, ta riƙa mulke jariri safe da yamma.

Kafin ranar suna jikin yaro ya yi jajir, fata ta soma saɓulewa. Aka yi asibiti da shi. Mutumin nan da Hajiya suka iso, suka tarar da likita riƙe da robar.

Likita ya ce, "Da mun san abin da aka haɗa a nan, da mun san ta inda za mu kama."

Mutumin ya karɓa, ya murɗe murfi. Ga tsaga. Hajiya ma ta gani.

Ta ja shi bakin ƙofa. "Alhaji, don girman Allah ka gaya masu."

"Rufe mani baki. So kike a ɗaure ni? Yaro zai warke."

Da ya koma ciki Shafa'atu ta ɗago, idanunta sun kumbura. "Baba, kai ka san basilin. Wannan wane iri ne?"

Ya dubi jikansa, kukan ma ya daina fita. Ya ce, "Ban taɓa ganin irinsa ba."

Ranar da za a raɗa suna, ranar aka yi zaman makoki, rago yana ɗaure a turke. Da kakan ya faɗi gaskiya, da yaron ya rayu? Allah ne masani. Amma an tambaye shi.

Mus'ab bai yi hayaniya ba. Ya sa robar a aljihu, ya yi ta tambaya har ya gano matar da ta kawo, ta nuna mai tireda, mai tireda ya nuna mai sari. A hankali ƙafarsa ta kai shi bayan shagon surukinsa, tukunya tana bisa wuta.

Hukuma ta yi nata. Mutumin ya fito daga kurkuku, ba shago, ba mata. Yana nan yana yawo bakin tasha. Shafa'atu in ta hange shi sai ta canza hanya.

Ya 'yan uwa, mai algus yana zaton ya san inda kayansa za su tsaya. Bai sani ba. Kai mai jiƙa auduga don ta yi nauyi, kai mai zuba tsakuwa a buhun masara, ina ka yi taka tsagar? Abin da ba za ka shafa wa ɗanka ba, kar ka sayar wa ɗan wani. In kuma ka riga ka yi, ka faɗa tun faɗar tana da amfani.

Allah ya tsarkake mana abincinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye bayinsa daga hannunmu. Amin.