Shiton Memuna da Bokitin Talla

Akwai wata mai sayar da shinkafa da wake a unguwar Maamobi, sunanta Memuna. Abin da ya ɗaga ta shi ne shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da kifi. Wai sirrin kakarta ne, ko 'yar cikinta ba ta ba wa ba. Kullum kuma sai ta taɓa Amama, mai teburin gefenta, ta ce nata shiton ko kaza ba za ta yi atishawa da shi ba. Amama dai sai murmushi.

Gaskiyar magana, Memuna ko albasar shito ba ta iya soyawa. A intanet take sayen sa bokiti guda, ta juye a tukunya.

Ƙanwarta Nasira ta sha ja mata kunne: "Yaya, in shafi ya nemi izinin bin diddiginki, ki danna a'a. 'Yan talla suna haddace duk inda kika shiga."

"Ke tafi can! Ina da kwastoma a layi zan tsaya karatun Turanci? Maɓallin da ya yi kore shi nake dannawa."

Ranar wani suna a unguwar Nima, mata suka rufu a kan wayarta don ta nuna musu ɗinkin yayin biki mai zuwa. Bidiyo bai fara ba sai ga talla: ƙaton bokitin shito. Ta share da sauri. Wani ya sake fitowa. Na uku ma har da rubutu: "Naki ya kusa ƙarewa? Sake saye yau!"

Gumi ya karyo wa Memuna, gwaggwaronta ya karkace.

"Ei, Hajiya," in ji wata, "kaka ma ta shiga intanet?"

Dariya ta ɓarke. Memuna ta fara rantse-rantse cewa wayar ce ta haukace. Sai Amama, da ita ma ta zo sunan, ta leƙo, ta kalli hoton da kyau.

"Ai wannan shafin 'yata ne," in ji ta a hankali. "Ita ke karɓar oda, ni nake soyawa. Shekara biyu ke nan ina cika miki bokiti, ban gaya wa kowa ba. Na jibi fa, in ƙara barkono ko ya isa haka?"

Wallahi har ni na ji mata kunya.

Darasi: Kada ka raina na kusa da kai, wataƙila shi ke rufa maka asiri. Wayarka kuwa ba ta da wannan karar, don haka ka karanta kafin ka danna, ka hana 'yan talla bin ka. Ku tura wa 'yan uwa su amfana.