Ranar da Auta Ya Yi Shiru a Sinima

Akwai wani mai gyaran waya da kowa a layinsu ke kira Auta, duk da cewa ya haura shekara talatin da biyar, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Gwani ne a sana'arsa. Wayar da ta faɗa ruwa, da wadda gilashinta ya tarwatse, da wadda ta daina caji, in dai ya sa musu hannu sai sun tashi. Amma in kana sauri, kada ka kuskura ka ambaci fim ɗin jarumai a shagonsa. Sai ka yini a tsaye, wayarka tana buɗe a kan tebur, shi kuwa yana zuba.

A gida ya samo wannan ciwon. Yayansa, wanda ya girme shi da shekara tara, shi ya fara ɗora shi a kafaɗa ya kai shi gidan kallo tun yana ɗan shekara bakwai. Jarumai biyu ne suka raba musu kai. Sunayensu na ainihi sun yi wa bakin Auta nauyi a lokacin, sai suka laƙaba musu nasu. Akwai Guguwa, wanda gudunsa ke tayar da iska ta kwashe abokan gaba. Akwai kuma Bango, wanda in ya dasa ƙafa ko jirgin ƙasa ba ya gusar da shi. Auta na Guguwa ne, Yaya kuma na Bango.

Kusan shekara talatin suna musu ɗaya: in aka haɗa su a fim guda, wa zai kayar da wani? Mahaifiyarsu har ta koma ga Allah tana cewa, "Ku dai Allah ya shirye ku. Mutanen da ko gaisuwa ba su taɓa aiko muku ba."

Yaya mai walda ne. Shekarun da ya yi yana kallon tartsatsi, sau da yawa ba gilashin kariya, su suka cinye masa ido a hankali. Da farko rubutun waya ne ya gagare shi, daga baya fuskokin mutane, har ta kai haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Ya miƙa wa abokin aikinsa shagon, ya zauna a gida.

Amma kallon fim bai bari ba, don Auta ya zama idonsa.

Suna da tsarinsu. Kujerun ƙarshen layi suke ɗauka don kada raɗarsu ta dami mutane. Auta yana zama a hagu, saboda ƙarar injin yankan ƙarfe ta daɗe da toshe wa Yaya kunnen dama. In Guguwa ya bayyana, Auta zai taɓa masa gwiwa sau ɗaya. In Bango ne, sau biyu. In faɗa ya kaure, sai ya matso da bakinsa yana sauri: "Ya tashi sama. Ya faɗo kan mota. Ga wani ta bayansa, Yaya, bai gan shi ba!" Yaya kuwa sai ya ƙanƙame hannun kujera yana cije leɓe.

Sau da yawa yakan ce wa matarsa, "Fim ɗin da Auta ke ba ni ya fi wanda masu ido ke gani."

Kwatsam sai labari ya zo cewa za a haɗa jaruman biyu a fim ɗaya. Shekara uku cur suka yi suna jira. Da tallan fim ɗin ya fito, Auta ya kalle shi ya fi sau ɗari, yana tsayar da shi yana zuƙo hoto kamar mai neman laifin waya. A zauren masoya jarumai na wayarsa har Shugaba suke ce masa, don duk abin da ya faɗa shi ke nan. Ya yi rantsuwa a can cewa Guguwa ne zai ɗauki fim ɗin a kansa. Gaskiyar magana, Auta ya riga ya gama tsara fim ɗin a zuciyarsa tun kafin masu shi su kammala nasu.

Yaya shi ba ya rubutu a ko'ina. Kwana kawai yake ƙirgawa. Ana gobe za su je ya sa matarsa ta goge masa farar rigarsa ta fita biki.

"Sai ka ce ango," in ji ta tana dariya.

"Ai ya fi haka," ya ce. "Gobe yaron nan zai san wane ne babba."

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu suka shiga. Ɗakin ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Aka kashe fitilu, Auta ya matso da bakinsa, aka fara lafiya lau. Ya taɓa gwiwa sau ɗaya. Can ya taɓa sau biyu, Yaya ya gyara zama yana murmushi.

Sai ga jaruman sun haɗu. Faɗan da aka yi shekara talatin ana jira bai wuce minti uku ba, suka yi musabaha aka wuce wurin. Daga nan aka mai da Guguwa abin dariya. Ya yi tuntuɓe, ya faɗa kwandon shara, mutane suka kwashe da dariya. Kafin a kai rabi ma an ƙwace masa ƙarfinsa gaba ɗaya, aka bar shi a kujera yana ba da shawara ta rediyo.

Ran Auta ya ɓaci matuƙa. Ashe duk shekarun nan kallon kitse yake yi wa rogo. Ya tuna rantsuwar da ya yi a zaure, ya tuna masu jiran ya kunyata. Raɗarsa ta fara raguwa, daga baya ta koma tsaki.

"Me ya faru?" in ji Yaya a hankali.

"Shirme."

"Shirmen me? Na ji ana gudu. Wa ke gudu?"

"Yaya, wallahi ba abin da ke faruwa. Raina mana hankali kawai suka yi."

Ya zaro wayarsa, ya rage haskenta, ya shiga zaure ya fara rubutu. Ya zagi mai ba da umarni, ya zagi marubutan, ya zagi duk wanda ya yi dariya a ɗakin.

Yaya ya laluba ya taɓa masa gwiwa. Auta ya janye ƙafarsa. Jim kaɗan kiɗan fim ɗin ya canza, mutane suka ja numfashi gaba ɗaya, Yaya ya sake miƙo hannu.

"Auta, Bango ne? Na ji kamar takunsa."

"Don Allah Yaya ka bar ni," ya ce ba tare da ya ɗago kai ba. "Kai da ba ka gani ma ai ka huta."

Yaya ya janye hannunsa ya ɗora a kan cinyarsa, ya fuskanci hasken da ba ya iya rarrabewa. Haka ya zauna cikin farar rigarsa, ƙara tana tashi ta ko'ina, mutane suna ihu suna tafi, shi bai san dalili ba.

A layin bayansu akwai wata mata da kayan ma'aikatan jinya a jikinta, da alama daga wurin aiki ta biyo. Ta daɗe tana lura da su. Can sai ta sunkuyo ta gefen damar Yaya.

"Malam, ka yi haƙuri da shisshigi. In ba damuwa, in riƙa faɗa maka abin da nake gani?"

Sai da ta maimaita, don wancan kunnen ba ya ji sosai. Yaya ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya ba ta kunnen hagu, ya ce, "Allah ya biya ki, 'yar'uwa."

Ba ta san jaruman ba, ba ta san tarihinsu ba. "Mai ƙaton jikin nan," take cewa, "da siririn nan." Wani lokacin fim ɗin ya ɗauke mata hankali ta manta, sai an wuce ta ce, "Af, yi haƙuri, an fasa wani gini." Amma ba ta daina ba. Yaya kuwa ya yi fiye da awa ɗaya wuyansa a karkace yana sauraronta.

Auta yana jin muryarta sama-sama. A lokacin har daɗi ya ji an ɗauke masa aiki.

Kusa da ƙarshe ɗakin ya ɗauki wani irin ihu, wasu har suka miƙe tsaye. Kafin Auta ya kai ƙarshen jimlarsa ya ɗago kai, abin ya wuce.

Da aka kunna fitilu, Yaya ya yi ta yi wa matar addu'a. Ita kuwa ta dubi Auta, ta dubi wayar da ke hannunsa.

"Ɗan'uwanka ne?"

"Yayana ne."

"To," ta ce kawai, ta rataya jakarta ta wuce.

A hanyar gida Yaya ya riƙe masa gwiwar hannu kamar kullum. Bai yi ƙorafi ba, bai sha kunu ba. Wayar Auta sai ƙara take yi a aljihu, 'yan zaure suna jinjina wa Shugaba a kan yadda ya yi wa fim ɗin wankin babban bargo. Sai da suka kai ƙofar gida sannan Yaya ya tsaya.

"Baiwar Allahn nan ta yi ƙoƙari," ya ce, "amma ba ta san shi ba. Ta ce gada ta karye da mutane a kai, mai ƙaton jiki ya shiga ƙasa ya tallafe ta. Ni abin da nake so in sani, da nauyin ya sauko masa, ya durƙusa ko bai durƙusa ba? Ka san tun muna yara ba a taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba."

Auta ya so ya yi ƙarya, amma wanda ya yi shekaru yana gani da muryarka ba ka iya yi masa ƙarya da ita.

"Ban gani ba, Yaya."

"Ba ka gani ba? Ina ka je?"

"Ina rubutu a waya."

Yaya ya gyaɗa kai a hankali. "Allah sarki," ya ce. Ya saki hannun Auta, ya laluba bango ya shige gida shi kaɗai.

Auta ya tsaya a bakin ƙofa. A nan ne maganar da ya faɗa a cikin duhu ta dawo masa kalma bayan kalma, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da ya ɗauke shi a kafaɗa don ya hango majigi, shi ya ce wa ya huta da ba ya gani. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya goge rubutunsa, ya kashe wayar, ya koma sinima shi kaɗai. Fim ɗin dai yana nan da kurakuransa, ba abin da ya canza. Amma da aka zo wurin gadar ya ga Bango ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Ya ga Guguwa, wanda ba shi da sauran ƙarfi, ya tako da ƙafa kamar kowa ya sa kafaɗarsa kusa da tasa. Auta ya juya dama don ya raɗa, sai ya tarar da wani baƙo yana cin gugguru. Hawaye suka zubo masa.

Daga nan gidan Yaya ya wuce da tikiti biyu a hannu. Ya same shi a tsakar gida yana shan iska. Ya durƙusa a gabansa ya ba shi labarin gadar tiryan-tiryan, sannan ya ce, "Yaya, na yi maka laifi. Ka yafe mini. Ga tikiti na gobe, mu koma. Wallahi ko ƙiftawar ido ba zan bari ta wuce ka ba."

Yaya ya laluba ya dafa masa kai.

"Na yafe maka tun jiya. Ɗan'uwa ai rabin jiki ne, in na riƙe ka a zuciya, wa nake da shi?"

"To mu je goben?"

Yaya ya girgiza kai.

"Ka ba wani tikitin, Auta. Na riga na san ƙarshensa, kai ma ka sani. Ni ba kyan fim na je nema ba. So na yi lokacin da gadar nan za ta karye, ni da kai duka ba mu san abin da zai faru ba, zuciyarmu ta tsinke tare. Shi na yi shekara talatin ina jira. Wannan kuwa sau ɗaya ake yin sa."

Darasi: In abin da ka ƙwallafa rai a kai bai zo yadda ka tsara ba, kada ka huce a kan wanda ke zaune kusa da kai, musamman in da kai ya dogara. Fim ana sake haska shi, laifi ana yafe shi, amma akwai lokacin da in ka hana ɗan'uwanka, ba ka da inda za ka samo masa wani. Ka ajiye wayar ka dubi na gefenka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wani Autan da bai riga ya makara ba.