Ranar da Mai Fito Bai Yi Fito Ba

Akwai wani direban fokilif a wani babban siton tayil, wanda kowa ke kira Mai Fito saboda yawan fiton da yake yi da baki. Ga wanda bai san fokilif ba, ƙaramar motar nan ce mai cokula biyu na ƙarfe a gaba, wadda ke ɗaga kaya tana jera su a sama. A ido kamar abin wasa take, amma ta fi motar gida nauyi nesa ba kusa ba, kuma da tayoyin baya take juyawa.

Gaskiya dai a faɗe ta, Mai Fito ya iya aikinsa. Zai zura cokula ƙarƙashin katako cike da kwalayen tayil, ya ɗaga, ya ajiye can saman kanta, ko kwali ɗaya bai motsa ba. Matsalarsa guda ce, ya san ya iya. Yabo ya yi masa yawa, kai ya kumbura.

Wansa ne ya samo masa aikin. Yaya ya daɗe a siton, shi ke duba kwalaye yana ware waɗanda tayil ɗinsu ya fashe. Shi ya riƙe Mai Fito tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon tuƙi. Har gobe Auta yake ce masa, ko da a gaban manaja ne. Gida ɗaya suke zaune, da mahaifiyarsu Inna, da matar Yaya da 'ya'yansa.

To, motar tana da wata 'yar ƙararrawa da ke kuka duk lokacin da aka sa ribas, don na baya su kauce. Mai Fito ya tsani kukan nan. Ya ce kamar kazar da ta yi ƙwai take, tana sa masa ciwon kai. Ran nan ya ɗauko filaya ya datse wayarta.

Bakaniken sito ya gani ya haɗa. Mai Fito ya sake datsewa.

"Malam, wannan abin ba don ado aka sa shi ba fa," in ji bakanike.

"Ni ne ƙararrawar," Mai Fito ya ce, ya sa baki ya rangaɗa wani fito da sai da ya amsa har ƙarshen siton. Leburori suka kwashe da dariya. Manaja ma ya yi dariya, don babu mai loda mota da sauri kamar Mai Fito, kuma shi saurin kawai yake gani.

Daga nan abin ya zama dokar wurin. In an ji fito, kowa ya manne da bango. In ba a ji ba, a tsallaka kai tsaye, ba mai ɗaga ido. Shi kuwa gogan, da ya ga fito na share masa hanya, sai ya daina waiwaye gaba ɗaya.

Yaya kaɗai ne abin bai kwanta masa ba. Wata rana suna hanyar gida ya ce, "Auta, ka mayar da wayar nan. Baki nama ne, wata rana zai gaji."

"Haba Yaya! Ranar da na daina fito ai an kai ni makwancina ke nan."

"Bar faɗin haka. Ni dai na gaya maka."

Ta kunnen dama maganar ta shiga, ta hagu ta fita.

Ana nan sai haƙori ya sa Mai Fito a gaba, kumatu ya haye. Da safe ya je wurin likita, aka yi masa allurar kashe zafi, aka cire haƙorin, aka cusa masa auduga. Leɓensa ya yi nauyi kamar ba nasa ba.

Inna ta ce, "Ka kwanta ka huta, ɗan nan. Na ma ce wa yayanka ya gaya musu yau ba za ka je ba."

Ya kwanta ɗin. Amma da manaja ya bugo waya ya ce ga babbar mota na jira, in ba zai iya ba za a ba wani direba makulli, sai ya miƙe zumbur. Wani ya hau motarsa? Ina! Ya zari hularsa ya fice, Inna na kira yana ɗaga mata hannu.

Yaya bai san ya zo ba. Yana can bayan wani dogon layin kaya yana aikinsa. Motar kuma mai batir ce, ba ta da ƙara, ga fankoki na ta hurawa.

Mai Fito ya ɗauko kaya, ya sa ribas, ya tsuke baki kamar kullum. Iska ce kawai ta fito. Leɓen a mace yake, shi kuma hankalinsa na kan motar da ke jira, a ransa ya riga ya yi fiton. Ya so ya ɗan juya wuya, muƙamuƙi ya soke shi, sai ya fasa. Ya murza sitiyari a kan kwana.

Bayan motar ya juyo da ƙarfi, ya ji ya daki wani abu mai taushi. Sai ihun leburori.

Da ya diro, takalmin ya fara ganewa, don shi ya wanke shi jiya. Yaya ne a matse tsakanin bayan motar da ƙarfen kanta, kwali na hannunsa bai ma sake shi ba.

Jama'a, wallahi ko a maƙiyi ba na fatan irin wannan rana.

A asibiti likita ya ce rai dai ya tsira, amma lakar baya ta tsinke. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu sauran motsi, kuma kada su sa rai. Mai Fito ya zame ya zauna a ƙasa, audugar na bakinsa har lokacin.

Manajan nan da ya fi kowa dariya, shi ya fara nuna wa masu bincike wayar da aka datse. Aka sallami Mai Fito. Bakanike ya haɗa wayar kafin shayinsa ya huce, aka ba wani makulli, aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Mai Fito ya so a zage shi. Ya so Yaya ya tsine masa, ko ya samu sauƙi a ransa. Ya durƙusa a gefen gadon yana kuka yana cewa, "Yaya, ni na kashe ka. Ka ce wani abu, don Allah."

Yaya, idonsa na kan silin, ya ce, "Sai da na tsaya na kasa kunne fa, Auta. Ban ji ka ba, sai na ce hanya lafiya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai kuma sake tayar da zancen ba. Wannan haƙurin ya fi duka ciwo.

Gidan ya mutu. Matar Yaya ba ta taɓa gaya masa baƙar magana ba, sai dai ta ajiye masa abinci ta juya, ba ta haɗa ido da shi. Inna ta rasa wanda za ta yi wa kuka a cikin 'ya'yanta biyu, ta rame ta zama abin tausayi. Ko'ina ya je neman tuƙi, labarin ya riga shi isa.

Yanzu shi ke ɗaga Yaya, shi ke masa wanka, shi ke tura shi a keken guragu. A ƙofar ɗakin akwai 'yar matakala, dole sai da baya ake saukar da keken. Kullum sai Mai Fito ya tsaya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya juya ya dubi baya sosai, alhali babu kowa a tsakar gidan sai bokiti da igiyar shanya.

Wata yamma ya tsaya yana wannan dube-duben, Yaya ya ce, "Ba kowa, Auta. Ja mu je."

Ya saukar da shi, ya gyara masa ƙafafun da ba ya jin su, ya rufa musu zane.

Can Yaya ya ce, "Gidan nan ya cika shiru. Ɗan yi mana fiton nan naka mana."

Mai Fito ya tsuke baki. Ramin haƙorin ya daɗe da warkewa, leɓensa lafiya lau. Ya hura, ya sake hurawa, iska kawai ke fita, hawaye na bin kumatunsa. Yaya ya kawar da kai gefe don kada ƙanensa ya ga nasa.

Darasi: Duk abin kariya da aka sa wa injin aiki, don ranar da gwanintarka za ta gaza aka sa shi. Kada ka cire shi, kada ka ja da baya ba ka waiwaya ba, kai ma mai tafiya a ƙasa ka duba da idonka kafin ka tsallaka. Ku tura wa duk direba da leburan da kuka sani, wataƙila ku ceci ƙafafun wani yau.