Kambunan Roba a Ƙasan Tafki

Akwai wani mutum mai suna Leszek a wani ƙaramin gari na kudancin Poland, wanda ya karɓi hayar bakin tafkin garinsu ya buɗe gidan abinci. Tafkin tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, ruwan garai-garai, har daga nesa ake zuwa yin nutso a cikinsa da tukunyar iska a baya.

Yayarsa Danuta ce shugabar ƙungiyar masu nutson. 'Yarsa tilo, Jagoda, ita ke koyar da sababbin shiga. Shi kuwa Leszek ko iyo bai iya ba, amma in ya fara maganar tafkin sai ka rantse shi ya haƙa shi.

Duk shekara a tsakiyar lokacin zafi, ranar bikin Yohanna, 'yan mata kan saƙa kambu da ciyawa da furen daji su sake shi a kan ruwa. Cikin 'yan kwanaki ya ruɓe, shi ke nan. A wannan shekarar Leszek ya ce shi ya wuce wannan ƙauyancin. Ya sayo kambuna ɗari uku na furen roba da aka naɗa a waya, ya sa aka jera su a zaren kamun kifi, irin farin nan da ba a ganinsa a ruwa, don su tsaya a layi su yi kyau a hoto.

Danuta ta same shi yana duba kayan. Ta ɗaga guda ta juya shi.

"Leszek, wannan in ya nutse, uban wa zai ciro shi?"

"Yaya, roba ce fa. Ina kika taɓa ganin roba ta nutse?"

"Da waya a ciki? Kai da ko a baho sai ka riƙe gefe, ni za ka koya wa ruwa? 'Yarka ce ke shiga can kullum."

Ya yi dariya ya ce ita dai tun suna yara ba ta son ganin ya ci gaba.

Biki ya yi armashi, hotuna suka zaga ko'ina, Leszek sai hura hanci yake. Washegari aka yi ruwa da iska. Kafin rana ta faɗi babu kambu ko ɗaya a sama. Duk sun sauka ƙasa, mita goma sha biyu, daidai inda ake kai masu koyo, zaren ya sarƙe a jikin duwatsu da rassan wata bishiya da ta daɗe a nutse.

Ranar Juma'a aka tsinci wata agwagwar ruwa a mace, zare ya shaƙe mata wuya. Danuta ta dakatar da duk wani nutso. Ta ce a rufe tafkin Asabar da Lahadi, mutum goma su sauka biyu-biyu da almakashi su kwashe komai.

"A rufe? A ranakun da nake ciniki? Ku jibge min shara a gaban masu cin abinci, kowa ya ɗauki hoto?" in ji Leszek. "Ku bari sai sanyi ya shigo. Kuma makullin mashigar ruwa yana aljihuna."

"To ranar Litinin zan kai maganar majalisar gari. Ka san wurin nan za su ƙwace."

Maganar ta tsorata shi, amma girman kai ya hana shi janyewa.

Ranar Asabar da yamma Jagoda ta same shi a kicin yana yanka albasa.

"Baba, ka bar fushin nan. Ka buɗe min ƙofa gobe da sassafe, ni zan kwashe. In Gwaggo ta kawo mutanen majalisa, su tarar ba komai."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai mana. In na kira wani, ai ta ji. Tafkin nan na fi sanin sa da ɗakina."

Leszek ya san dokar sarai, a rubuce take da jan fenti a jikin katangarsa: ba a nutso mutum ɗaya. Ya buɗe baki, ya tuna majalisa, ya tuna dariyar da gari zai yi masa. Sai ya ce, "Ki dai yi sauri."

Da safe shi ya buɗe mata, har ya taya ta ɗaura tukunyar. Ta ɗaga masa hannu ta shige.

Ya jera kujeru, ya hura gawayi, yana satar kallon kumfar numfashinta a saman ruwa. Da farko kumfar tana yawo nan da can. Daga baya ta tsaya wuri guda, tana ɓulɓulowa da ƙarfi. Ya ce a ransa ta samu inda kambunan suka taru ne, ya koma kicin. Da ya sake leƙowa, ruwan ya kwanta lumui.

Ya ruga bakin ruwa yana kwala mata kira, ya shiga har ƙirji, ya kasa ƙara taku ɗaya. Ya fito ya kira Danuta a waya.

Bayan minti goma sha biyar ta iso da wani mai nutso, suka sauka. Wannan jiran, Allah kada ya nuna wa kowane uba irinsa.

Sun same ta a jikin bishiyar. Zaren ya naɗe kan tukunyar ta bayan wuyanta, inda hannu ba ya kaiwa, ya kuma ɗaure mata ƙafafu. Wuƙarta ta suɓuce ta faɗa cikin laka. Da akwai mutum na biyu kusa da ita, aikin minti ɗaya ne. Jakar ragar da ke ƙugunta cike take da kambuna.

Ma'aikatan asibiti suka yi ta danna mata ƙirji, daga ƙarshe suka ja mayafi suka rufe ta.

Danuta ta zauna a ƙasa da jiƙaƙƙun kayanta tana kuka. "Yarinyar da na koya wa doka da bakina! Ta yaya ma ta shiga? Ƙofar ai a kulle take."

Leszek yana iya yin shiru, don babu wanda ya gani. Ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ni na buɗe mata."

Darasi: Abin da ka jefa a ruwa bai ɓace ba don idonka ya daina ganinsa, yana can yana jiran wani, kuma ba ka san ko naka ba ne. In aka nuna maka kuskurenka, ka gyara shi a bainar jama'a, kada ka tura wanda yake ƙaunarka ya rufa maka asiri da ransa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana zuwa bakin ruwa shaƙatawa.